Baƙar Jaka a Gidan Suna

"Malam, wallahi ba za ka sa min su a but ba."

Direban ya tsaya riƙe da murfin but ɗin motar, ya dubi Mansura, ya dubi ƙaton buhun da ta rungume kamar jinjiri. A cikin but ɗin akwai jarkar manja, da buhun taki, da wani kwali da ba sai an buɗe ba, hanci ya riga ya ba da labari cewa daddawa ce.

"Hajiya, zinari ne a ciki?"

"Jakunkuna ne, na fata. Fata kuwa duk warin da ta ji sai ta riƙe shi."

"To ai shi ke nan, sai ki goya su," in ji direba, ya maida murfin da ƙarfi.

Haka kuwa aka yi. Mansura ta shiga gidan gaba ta ɗora buhun a cinya, ko titi ba ta gani sai ta leƙa ta gefe. Motar ta fita daga tashar Birnin Kebbi ta kama hanyar Argungu.

Sana'ar Mansura ke nan, kuma in kana son ganin ɓacin ranta to ka kira ta wanki. A wani ɗaki a bayan gidan mahaifinta take aikin. Mata su kawo mata tsohuwar jaka wadda fumfuna ta ci, zif ya yi tsatsa, hannu ya tsinke, ita kuma ta zauna mata da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi da buroshi, ta bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta shanyawa a rana, don rana busar da fata take yi ta tsattsage. Takan ƙulle gawayi a ƙyalle ta cusa a ciki ya tsotse wari, sannan ta shafe jakar da man kaɗe da kakin zuma har sai ta yi sheƙi. Daga nan ta ɗauki hoton da da na yanzu ta sa a waya, matan gari su yi ta aiko da tambaya.

Amma na cikin buhun nan ba na kowa ba ne, na kakarta ne, Hajiya Kulsumi, wadda duk Argungu ke kira Kaka Kulu. Kuma ba Kaka ce ta ba ta su ba. Tsohuwar ta tafi Augie duba ƙanwarta, Mansura ta lallaɓa ta kwashe su daga kan ƙusoshi, wai za ta ba ta mamaki. Abin da ta zazzago daga cikinsu kuwa sai wanda ya gani: busasshen goro mai taurin tsiya, ƙayar kifi, kanumfari, ƙwallon dabino, tsinkakken carbi, har da wani haƙori da ba ta tsaya binciken na wane ne ba. Duk ta tattara ta zuba a shara.

Sun wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar a fadama hagu da dama, sai wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, Alhaji Albashir.

"Kin isa?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To ki buɗe idonki da kyau. Ki duba min yadda Inna take tafiya, yadda take zuba ruwa a buta, komai da komai. Rannan na miƙa mata waya, ta miƙo hannu can gefe. In dai idon nan ya fara, wallahi ba zan bar ta ita kaɗai a gidan nan ba. Ɗakinta yana nan a shirye."

Mansura ta san ɗakin. Mai tayil ne, da na'urar sanyaya ɗaki, da taga mai kallon katangar maƙwabta. Sau ɗaya Kaka ta taɓa kwana a ciki, gari na wayewa ta ce a maida ta gida, wai ko maƙabarta ta fi shi motsin mutane. Tun daga ranar uwa da ɗa suke wasan ɓuya, shi yana neman dalilin ɗauko ta, ita tana hana shi samu.

Ta tarar da Kaka zaune a tsakar gida kan 'yar kujera, ta fuskanci ƙofa.

"Ɓarauniya ta iso," in ji Kaka tun Mansura ba ta gama sallama ba. "Na dawo daga Augie na iske ƙusoshi tsirara. Na ce duk duniya mutum ɗaya ke da wagga rashin kunya."

"Tsohuwa, bari ki ga aiki tukuna sannan ki yi zagin. Yau sai kin ba ni tukuici."

"Tukuicin mari ba."

Sai an san Kaka Kulu da jakunkunanta kafin a san girman abin da Mansura ta taɓa. Wani baduku mai suna Labbo ne ya ɗinka mata su tun tana da ƙuruciya, da fatar jar akuya. Shi kuwa Labbo, Allah ya jiƙansa, yanka ɗaya ya iya a duniya: girmansu ɗaya, hannu ɗaya, marfi ɗaya, rini ne kawai ya bambanta su. Kowace da aikinta. Ja ta biki ce, koriya ta suna, mai ruwan ƙasa ta kasuwa, shuɗiya ta asibiti. Baƙa kuwa ba ta fita sai an yi rasuwa. Shekara da shekaru Kaka ba ta taɓa saɓawa ba, har mutanen unguwa suka daina tambayarta ina za ta, jakar kawai suke kallo. Kullum da magariba takan zaɓi ta gobe ta rataye a ƙusar bakin ƙofa, masu shigowa aron maburgi ko ɗibar wuta su leƙa su san labarin gari tun kafin ya faru.

Mansura ta shiga ɗaki ta jera su. Da can a warwatse suke, wannan a bayan ƙofa, waccan a saman gado, kowace da wani tsumma ko zare ɗaure a hannu. Tsummokaran duk ta yanke su, ƙusoshin ma ta ciro ta sake kafa su a layi ɗaya a bango, ta rataye jakunkunan daga mai haske zuwa mai duhu yadda ake yi a kanti. Man da suka sha ya sa duk sun ƙara duhu, sun yi laushi, sun yi sheƙi. Ta ja da baya tana kallo, ita kanta ta burge kanta.

Kaka ta shigo ta tsaya. Ta shafa ta farko, ta shafa ta biyu. Ta sunkuyar da kai kusa da ta uku, ta daɗe a haka.

"Mi kinka shafa musu?"

"Man kaɗe da kakin zuma."

"Duka?"

"Duka mana. Ba ki ji ƙamshi ba? Warin nan na shekara da shekaru duk na kore shi. Ta kasuwar ce ta fi ba ni wuya, sai da na yi ta canza mata gawayi har na gaji."

"Hmm," in ji Kaka. "Sannu da ƙoƙari."

Gaskiya Mansura ta ji haushi. Ta zaci tsohuwar za ta rangaɗa guɗa ta kira maƙwabta su zo kallo. Bayanta har yanzu ciwo yake saboda sunkuyo, a ce ladan duka "hmm"? Ta ɗauki bokiti ta zaga wanka tana ƙunƙuni. Tana ciki ta jiyo Kaka daga zaure tana cewa ta tafi suna gidan su Riskuwa, in ta ga dama ta biyo ta.

Da ta shirya sai ta leƙa ɗaki don ta ƙara kallon aikinta. Koriyar jaka tana nan a rataye. Baƙar ce babu.

Ta figi mayafi ta fita da gudu, amma ina, ta makara. Tun daga bakin lungu ta hango Kaka tana tafe a hankali, kai a sama, baƙar jaka na walƙiya a hammata, bayanta kuwa gari ya fara rikicewa. Mai shago ya rage rediyo. Dattawan da ke gindin darbejiya suka miƙe suna gyara hula. Wani mai babur ya taka birki ya ce, "Inna lillahi! Allah ya jiƙan musulmi." Kaka ta amsa masa da "Amin," don ai addu'a ce, ta wuce abinta. Wata mata ta leƙo ta saman katanga, ta koma da sauri neman hijabi. Kafin a kai gidan sunan wasu mata sun bi sahu, fuska a ɗaure, kuma babu wadda ta san gidan wa za a yi gaisuwar.

A gidan su Riskuwa ana tsakiyar shagali. Ana kwasar tuwon shinkafa, ana suyar naman rago, mai jego ta sha lalle tana karɓar barka. Kaka ta yi sallama. Guɗar da wata ta ɗauko ta maƙale mata a wuya. Mai kwasar tuwo ta tsaya da mara a hannu. Kowa ya shiga lissafin tsofaffin gidansu, wa aka bari kwance da safe.

Baiwa mai kifi, maƙwabciyar Kaka katanga ɗaya, ita ta yi ƙarfin hali.

"Kaka Kulu, wa ya rasu?"

"Rasuwa kuma? Ana suna kina kiran rasuwa?"

"To ai baƙar jaka kinka ɗauko."

Mansura tana tsaye a bakin zaure tana haki, a kan idonta abin ya faru. Duk mai ido da aka gaya wa haka, jakar zai duba. Kaka ba ta duba ba, hanci ta kai ta.

Sai kuma ta sauke ta, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya.

"Af! Ba a yanka rago da sahe gidan ga ba? To shi na zo wa ta'aziyya. Bawan Allah, jiya war haka shina cin dusa. Ina magada? A kawo min kasona na hanta in yi kuka da kyau."

Gida ya kece da dariya. Guɗar da ta maƙale ta fito, matan da suka biyo sahu da fuskar makoki suka nemi tabarma aka zuba musu tuwo. Mansura ma ta yi dariyar, amma shinshinar nan da Kaka ta yi wa jakar ba ta bar ranta ba.

Wayarta ta sake ƙara.

"Mansura, wa ya rasu a Argungu? Sai kirana ake yi, wai an ga Inna da baƙar jaka."

"Babu wanda ya rasu, Baba. Wasa ne take yi, muna gidan suna."

"Inna ta ɗauki baƙar jaka zuwa gidan suna?" Sai ya ƙara da cewa, "Ina nan tafe bayan la'asar. Dama akwai walimar auren ɗan Alhaji Tamba, ni zan kai ta da kaina."

Tana sauke wayar Baiwa ta ja ta bayan murhu.

"Ke ɗiyar Birni, mi kinka yi wa jakunkunan?"

"Gyara su na yi. Na wanke, na cire wari."

Baiwa ta dafe kai da hannu biyu. "Kin ƙwace mata idanu ke nan! Tun damanar bara yanar ido ta ruhe mata gani. Duk unguwa mun sani, rannan turmi ta gaida da kwana. Amma ba wanda ya nuna mata ya sani, kuma ba wanda ya hwaɗa wa ubanki. Da hanci take zaɓen jaka, ba ta taɓa kuskure ba sai yau."

Suka koma gida. Kaka ta zauna a bakin gado ta ajiye baƙar jaka a gefe. Sai yanzu Mansura ta dubi idanun da kyau, ta ga fari-fari a tsakiyarsu kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Kaka, yatsu nawa na ɗaga?"

"Na rashin kunya guda biyar."

"Hannuna yana bayana."

Can Kaka ta nisa.

"To kin gani. Sai ki kira ubanki ki yi mai albishir. Ya zo ya kwashe ni ya kai ni ɗakin sanyi in riƙa gaida bango." Ta shafa gadon. "Nan anka kawo ni amarya. Daga gadon ga nake jin masunta in sun dawo daga gulbi. Kowane rami na lungun ga ƙahwata ta san shi. Can mi na sani?"

Tausayi ya kama Mansura, ga kunya, har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta zo ba da mamaki, ga shi ta ba da shi har ya yi yawa.

"Yana tafe bayan la'asar," ta ce. "Zai kai ki walima."

"Shi ke nan, ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Tashi, tsohuwa. Ni na cire warin, ni zan maida shi. Gaya min, ta biki warin me take yi?"

Kaka ta ɗago kai a hankali. "Wari? Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ƙamshi dai. Turaren wuta, da ɗan maiƙon alkaki."

Abin da aka yi a tsakar gidan nan da rana tsaka, da matan da ke aiko wa Mansura tambaya a waya sun gani, da sun karɓe jakunkunansu. Jar jaka aka fara da ita. Mansura ta hura gawayi a kasko ta zuba turare, ta kife kwando a kai, ta ɗora jakar baki buɗe, ta lulluɓe da zane aka bar ta tana shan hayaƙi. Ta daka citta da kanumfari da masoro, irin yajin da Kaka ke kai wa masu jego, ta murza a kusurwoyin koriyar har atishawa ta hana ta magana. Shuɗiya ba ta ba da wuya ba, man zafi aka lakato aka shafe mata shafin ciki.

Ta kasuwa ce ta so ta sa ta kuka. Baiwa ta miƙo bandar tarwaɗa ta saman katanga, aka ɗumama a wuta har mai ya tsatso. Mansura ta ɗauko buroshinta mai laushi, wanda ko ƙanwarta ba ta bari ta taɓa, ta tsaya tana kallonsa. Sai da ta rufe ido ta yi bismillah sannan ta tsoma shi cikin man kifi. Ta bi ɗinkin ciki, daidai wuraren da ta ɓata kwanaki tana gogewa, tana maida musu abin da ta raba su da shi.

Kaka kuwa ta miƙe ƙafa a tabarma, ana kawo mata tana shinshinawa tana yanke hukunci.

"Wagga kihin jiya ne. Tawa ta hi haka zurhi. Ƙara daddawa."

"Kaka, fatar za ta lalace."

"Tun ubanki bai iya sa wando ba take shan daddawa, ba ta lalace ba sai da kinka gyara ta. Ƙara."

Mansura ta ƙara, tana jin kamar a jikinta ake shafawa.

Da aka zo kan baƙar, Kaka ta miƙo hannu. "Wagga bar min, ba ta yara ba ce." Ta sa aka ɗauko mata kafur a ƙasan akwati, ta ɓare goro, ta zuba da kanta, ta rufe marfin ta riƙe jakar a cinya. Mansura ba ta tsokane ta ba. Ta san da wannan jakar aka karɓi gaisuwar kakanta.

Bayan an gama Mansura ta cakuɗa su a tabarma tana miƙawa ɗaya-ɗaya. Kaka ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba.

"Ba su kai na da ba," in ji tsohuwar. "Na da shekaru sunka dahwa su. Amma ko makaho ya gane." Ta tsaya, ta ji abin da ta faɗa, ta fashe da dariya har da hawaye.

Ana sallame la'asar motar Alhaji Albashir ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo da babbar riga ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, yana gaisuwar yana leƙen fuskarta. Kaka ta amsa a daƙile, ta ce bari ta wanke hannu, ta zaga. Tana ba da baya Alhaji ya tattare riga ya faɗa ɗaki cikin sanɗa. Ta taga Mansura ta gan shi, Alhaji guda mai furfura a gemu, yana ɗauke jar jaka yana rataye baƙa a gurbinta. Ya ɗago suka haɗa ido, ya ɗora yatsa a baki.

"Inna, ɗauko ta bikin mu tafi, kada a tashi ba mu je ba."

Kaka ta shiga ɗakin tana mita, wai yarinyar nan ta kafa mata ƙusoshi inda ƙura ke sauka. Ta ɗauki ta farko ta kai kusa da fuska ta hure ta, ta mayar. Ta ɗauki ta biyu ta hure. Da ta zo inda ja take ɗazu, ta ɗago baƙar, ta hure, ta tsaya.

"Wa ya taɓa min jakunkuna? Albashir, tun kana rarrahe hannunka ba ya zama wuri ɗaya. Furfura ba ta hana ka ba?"

Ta miƙa hannu can ƙarshen layi ta zaro jar ta maƙale a hammata. Ta zo wucewa ta gabansa sai ta ja ta tsaya, ta ɗaga kai ta dube shi sama da ƙasa.

"Kuma ka tsaya hanya ka ci tsire. Likita bai hana ka jan nama ba? Ga ƙuli nan a gemunka, ko gogewa ba ka yi ba."

Alhaji ya kai hannu gemu da sauri ya shiga kakkaɓewa. Mansura ta duba, gemun fes yake, babu ko ɗigo. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije.

Kaka ta yi gaba, shi kuma ya rage murya. "Ke ya kika gani?"

"Baba, ni dai tun da na zo babu abin da ya wuce ta a gidan nan."

"Ikon Allah, har ƙuli ta gani." Ya sake shafa gemun. "Zancen tsiren nan kada ya kai kunnen mamanki."

Ba ƙarya ta yi masa ba, amma maganar ta tsaya mata a ƙirji har aka tafi walimar aka dawo.

Dab da magariba ya sauke Kaka a ƙofar gida ya kama hanyar Birni. Tsohuwar ta shigo da rawar jiki, jaka cike da alkaki, tana ba da labarin yadda ta yi wa matar Alhaji Tamba tsiya. Ba ta ankara ba ƙafarta ta ci karo da taɓaryar da aka daka yaji ɗazu, wadda Mansura ta manta a ƙasa. Ta tafi luu za ta kifa a kan turmi, Mansura ta yi tsalle ta tare ta. Sai da ta rungume ta ta ji yadda tsohuwar ta zama ba nauyi.

"Taɓarya ba ta da wari, Kaka."

"Mai ajiye ta a hanya ba ta da hankali."

Mansura ta zaunar da ita a kan kujera, ta tsugunna a gabanta.

"Saurara, tsohuwa. Ƙamshin da na sa na sama-sama ne, ba zai daɗe ba zai gushe, kuma ni kaɗai na san yadda ake maida shi. Zan riƙa zuwa ina yi miki. Amma akwai asibitin ido a Birnin Kebbi, yanar nan cire ta suke yi. Gobe mu je su duba. Ba gidan Baba ba, ko ta layinsu ba za mu bi ba. In kai ki, in dawo da ke, ki kwana a gadonki ki ji masuntanki."

"In na ƙi hwa?"

"In sake wanke su tas, har da sabulu mai ƙamshin lemo. Ki tafi biki da ta asibiti, ki tafi gaisuwar mutuwa da ta kifi."

"Ja'ira! Ubanki kinka gado."

"Ke na gado."

Aka fara kiran sallah a masallacin unguwa, Kaka ta dafa gwiwa ta miƙe ta shiga ɗaki, don lokacin zaɓen jakar gobe ya yi. Mansura ta zauna tana sauraron motsinta a jikin bango, ba ta san abin da za ta ga an fito da shi ba.

Da jaka biyu Kaka ta fito, shuɗiya da mai ruwan ƙasa. Ta ninke shuɗiyar biyu, ta cusa ta cikin ta kasuwa, ta danne ta rufe marfi.

"Da can ba ta lanƙwasuwa," ta ce. "Ko banza man naki ya yi rana."

Ta laluba ƙusar bakin ƙofa ta rataye mai ruwan ƙasa, warin tarwaɗa da daddawa ya cika wurin.

"Duk wanda ya tambaya, kihi za mu saye."

"A Birnin Kebbi, Kaka? Mutumin Argungu ya bar gulbi a bayan gida ya tafi Birni sayen kifi? Wa zai yarda?"

"Duk unguwa za su yarda," in ji Kaka, ta sunkuya ta ɗauki buta. "Tun bara suke yarda ina gani, wanga ne zai gagare su?"